Katin Mai Kabu-kabu a Hannun Baƙo

Duk yawan mutanen da suka shiga shagona suka fita, akwai wata rana ɗaya da ba za ta fita daga kaina ba har in bar duniya. Ranar ce wani saurayi ya kusa rasa haƙoransa a bakin ƙofata, kuma abin da ya fara jawo masa wannan shi ne ra'ayinsa game da kiɗan gurmi.

Sana'ata tura waƙoƙi da finafinai da wasanni ce a katin waya, a nan unguwar Zango ta Damagaram. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina son tsari. Duk katin da ya fita daga hannuna iri ɗaya nake jera shi: waƙoƙi a farko, finafinai su biyo, wasanni a ƙarshe. Kuma kowane kundin waƙa ina barinsa yadda mai shi ya jera, domin a ganina wanda yake tsallake waƙa ta biyu ya faɗa ta bakwai bai san abin da yake saurare ba. Samari suna yi mini dariya a kan wannan, suna kirana Patoro mai doka, wato maigida mai doka. Ban taɓa damuwa ba.

A cikin masu zuwa wurina akwai wani mai kabu-kabu, ɗan asalin Droum, mai tsayawa a tashar babura ta bakin hanyarmu. Ba mu taɓa haɗuwa muka rabu ba tare da gardama ba. Ni ina son fim mai farko da tsakiya da ƙarshe, shi kuwa in ba a fara dambe kafin ya zauna ba, ya ce fim ɗin ya mutu. Finafinan Indiya masu fassara ba ya ko kallonsu, wai mutum ya yi awa uku yana kuka a kan mace ɗaya. Waƙoƙin zamani da ake matse murya a na'ura kuwa, cewa yake yi sauro ne ya shiga kwalba. Ga cika baki a kan wasan ƙwallo na talabijin, wanda suke bugawa a fadarsu, wato inda samari ke taruwa shan shayi. Kullum sai ya gaya mini ba a haifi wanda zai ci shi ba a Damagaram.

Abu ɗaya ne muka yarda da shi tare. Ya taɓa kawo mini wani tsohon kaset na mahaifinsa marigayi, na wani makaɗin gurmi na garinsu da shi ma ya daɗe da rasuwa. A waƙa ta huɗu makaɗin yana ambaton mahaifin nasa da gonarsa ta gero. Na sha wahala kafin na juye kaset ɗin, kuma muna gamawa zaren ya tsinke. Na saka masa a katinsa, na ajiye kwafi a na'urata, ya tafi yana cewa yanzu hankalinsa ya kwanta.

To, ana cikin damina wutar lantarki ta dawo da ƙarfi wata rana, ta ƙona mini na'urar da duk abin da ke cikinta. Na samo wata, na fara tara kaya daga farko. Mai kabu-kabun bai leƙo ba a kwanakin, saboda haka bai san kwafin da ke wurina ya tafi ba.

Ranar da nake ba ku labari, bayan azahar, wani saurayi ya shigo. Dogo ne, siriri, hannunsa duk ƙunar walda. Ban taɓa ganinsa ba. Ya ajiye salula a kan tebur ya ce, "Patoro, a goge duk abin da ke cikin katin nan, a cika mini shi da waƙoƙin soyayya na yayi. Masu muryar na'ura ɗin nan. A ƙara da finafinan Indiya, waɗanda suka fi sa kuka."

A al'adata, in aka ce a goge, gogewa nake yi ba tare da na leƙa ba, don ba na son ganin sirrin mutane. Amma wayar ta tsaya mini a ido. Gefenta ya tsage, an ɗaure da koren salatif, kuma ni na ba da salatif ɗin da hannuna. Na cire katin na saka a na'ura. Jerina ne, ba shakka. A saman komai ga waƙoƙin tsohon mai gurmi.

Wayar mai kabu-kabun nan ce. A lokacin ana yawan fizge wayoyi a hannun masu babura, wani lokaci har da sara. Na dubi saurayin. Ya jingina da tebur yana kaɗa ƙafa, yana waiwayen hanya.

Na ce a raina, bi a hankali. Da farko tambaya.

"Taka ce wayar?"

"Tawa ce mana."

"Tun yaushe?"

"Ta ɗan kwana biyu a hannuna."

Na yi kamar aiki nake yi, na kunna waƙar farko ta gurmin a hankali. "To wannan fa, a bar maka ita? Na ga ita ce a sama."

Ya yamutsa fuska. "Haba Patoro! Wannan ai kukan akuya ne. Tsoho yana ta gurnani, igiya biyu tana ta ƙara. Ita za ka fara gogewa."

"In ba ka so, me ya kawo ta katinka?"

"Wani ne ya saka."

Na buɗe wurin finafinai. Duk na dambe ne, na 'yan Sin. Na ce, "A cikin waɗannan wanne ka fi so?"

"Babu. Mutum ɗaya ya doke mutum hamsin, rigarsa ko ƙura ba ta yi ba? Ni fim in ba zai taɓa mini zuciya ba, ba na ɓata lokacina. A yi soyayya, a rabu, a yi ruwan sama, a yi waƙa. Shi ne fim."

A nan kam ban ce bai yi gaskiya ba, amma ba ra'ayinsa nake nema ba. Kowace amsa da ya ba ni, kishiyar mai wayar ce. Na gwada shi da na ƙarshe. "Wasan ƙwallon da ke ciki fa? Da wace ƙungiya kake bugawa?"

Sai ya yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba. "Na waya ai na yara ne. Ni a talabijin nake bugawa. Ka tambaya, jiya an san ni."

Yau na gane abin da yake nufi. A ranar kuwa, dariyar ɓarawon da ya ci nasara na ji.

Na ce masa na'urar tana da nauyi, ya zauna a benci ya jira. Na leƙa shagon maƙwabcina mai gyaran waya, mutumin kirki amma mai saurin baki. Na yi ƙasa da murya na ce masa, "Je tasha ka duba mini ɗan Droum ɗin nan. In ka gan shi, ka ce ina nemansa. Wayarsa ce a hannun wani, ban gane ba tukuna. Kada ka ƙara komai a kai."

Ya tafi, ya kuma ƙara a kai. Bai sami mutumin ba, an ce ya kai fasinja Birni, sai ya gaya wa 'yan tashar cewa an sace wayar ɗan'uwansu, ɓarawon yana shagona. Wani a cikinsu ya ce dama tun safe ya ga mutumin shiru, ba kiɗa a babur ɗinsa, ba magana. Shi ke nan. Kafin in koma kujerata na ji ƙarar babura kamar an buɗe gidan zuma.

Suka cika bakin shagon. Wani riƙe da makullin taya, wani da bulalar roba. Saurayin ya miƙe, idonsa ya fito.

"Ina yake? Fito mana da shi, Patoro!"

Na ja ƙyauren ƙarfe ɗaya na rufe, na tsaya a ɗaya ɓangaren. Ni ma zargin nake yi, ban ɓoye muku ba. Da an tambaye ni a lokacin, da na ce kashi tara cikin goma ɓarawo ne. Amma zargi daban, shaida daban, kuma mai wayar bai yi magana ba.

Na ce, "Ba mai taɓa shi a shagona. Mai waya zai zo. In ya ce an sace, mu kai shi komisariya, wurin 'yan sanda. Haka za a bi."

"Komisariya? Su sake shi gobe?"

"Patoro, matsa! Ko kai ne kake saye a hannunsu?"

Wannan maganar ta yi mini zafi, amma ban matsa ba. Na juya na ce wa saurayin, "Kai, faɗi gaskiya tun da sauran haƙoranka. Ina ka samo ta?"

Ya ce, "Wallahi ba sata na yi ba. Cin sa na yi."

"Cin sa a me?"

"A ƙwallo. A fada."

Da 'yan tashar suka ji, sai suka ƙara harzuƙa. "Ji maƙaryaci! Wa ya taɓa cin sa? Kai daga ina ma kake?"

"Garagumsa. Walda na zo koyo."

"Ɗan Garagumsa ne zai ci gwaninmu? Ku jawo shi!"

Wani ya zura hannu ta ƙarƙashin hammatata ya cafki rigar yaron, ta yage har ciki. Ƙyauren ya fara lanƙwasa a bayana. Ina jin numfashinsu a fuskata, ina ta maimaita magana ɗaya, a jira mai waya, a jira mai waya. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba.

Sai ga mai kabu-kabun ya iso. Ya kafe babur, ya ratsa mutane, ya leƙa ciki. Ya ga saurayin, ya ga wayarsa a tebur. 

Babban 'yan tashar ya kira shi da laƙabinsa ya ce, "Gran, ga ɓarawonka. Har yana cewa wai cin ka ya yi a ƙwallo."

Na zuba masa ido. Mutumin da ya shekara yana cika baki a gaban waɗannan mutanen. In ya yi shiru kawai, ko ya kawar da kai, sunansa ya tsira, yaron kuma sai dai a kwashe shi. Na ga ya sunkuyar da kai, ya share gumi da hularsa. Wanda ke riƙe da rigar ya fara ja.

Sannan ya ce, "Ku sake shi."

"Me ka ce?"

"Na ce ku sake shi. Ya ci ni. Huɗu da nema."

Ashe a fadarsu suna da wata doka. Duk wanda ya kira wani karawa aka ci shi, zai miƙa wayarsa ga wanda ya ci, shi kuma ya kai a goge katin a cika da abin da mai wayar ya fi tsana. Kuma dole wanda aka ci ya kunna shi a babur ɗinsa, da ƙarfi, har Juma'a ta zagayo. Mutumin namu shi ya ƙirƙiro dokar da kansa, don bai taɓa zaton za ta hau kansa ba. A wata fada ta wata unguwa aka yi karawar, ya roƙi waɗanda suka gani su rufa masa asiri. Yaron kuma an gaya masa Patoro ba ya taɓa katin wani in ba mai shi ne ya kawo ba, shi ya sa ya ce tasa ce.

Dariyar da ta tashi a bakin shagona, har masu sayar da goro na tsallake suka taso. Wanda ya zo da makullin taya ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. "Huɗu da nema! Ɗan walda! Gran, ko da ƙafa ka riƙe abin bugawar?" Wanda ya yaga rigar ya cire tasa ya miƙa wa yaron, yana ba shi haƙuri yana dariya.

Ni ban yi dariya ba. Na kira mai kabu-kabun ciki na ce, "Ka yarda a goge katin nan?"

"Doka ce, Patoro. Ai akwai kwafin tsoho a wurinka."

"Babu. Na'urar ta ƙone. Wannan da ke cikin katinka shi kaɗai ya rage."

Ya zauna a kan benci. Ya dubi katin, ya dube ni. Ya ce, "Da ka goge fa?"

"Da na goge."

Yaron Garagumsa da ya ji abin da ke ciki, ya ce a bar dokar, ya yafe. Mai kabu-kabun ya ce a'a, shi ya kafa ta, zai sha. Sai na ce to a bi tsari. Na fara juye waƙoƙin gurmin a na'urata, na ƙara a wani kati daban na ba shi ya kai gida. Bayan nan na goge. Daga ƙarshe na cika masa da sauron cikin kwalba, yaron yana tsaye yana zaɓar waɗanda suka fi zaƙi. Mako guda ana jin babur ɗinsa tun daga nesa yana kukan soyayya, shi kuwa fuska a murtuke, fasinjoji mata suna ce masa ashe yana da zuciya.

Yaron ya zama mai zuwa shagona. Har yau in na kunna gurmin sai ya ce kukan akuya ne, ni kuma in ce masa kunnensa ne walda ta lalata.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, zargi ba laifi ba ne, domin shi ya sa na leƙa katin, da ban leƙa ba da sunan mahaifin wani ya ɓace daga duniya. Amma zargi abin riƙewa ne a ciki har a ji ta bakin mai abu. Da zarar ya fita ya shiga kunne na biyu, ya daina zama naka, kuma ba ka da ikon dawo da shi. Tun daga ranar, in na ga abin da ban yarda da shi ba, ba na aiken kowa. Ina rufe shagon ne in tafi da ƙafata.