Neman Shanun Jauro a Ƙetaren Iyaka

Zagga zuwa Bagudo

Na bar Zagga kafin kiran assalatu. Gonar gadonmu ta gaji, ciyawar ƙuduji ta cinye gero, rumbu bai kai mu ko tsakiyar rani ba. Tun zamanin mahaifina, shanun Jauro Bello ke kwana a gonar bayan girbi, su ci kara su bar mana taki. Rani biyu ke nan bai zo ba. Aka ce ya ƙetara Benin.

Da hantsi na samu ɗan kabu-kabu a Bagudo. Da ya ji inda za ni sai ya kashe babur.

"Wagga hanya? In mun gamu da mutanen daji, kowa tashi ta hisshe shi."

Na hau ina salati.

Bakin iyaka

Muka haye kogin Kwara a kwalekwale, muka shiga daji. Ƙauyuka biyu muka wuce babu ko kaza. Duk kututturen da na hango, mutum nake gani da bindiga.

Bayan la'asar na iske Jauro. Garken da na sani yana cika gona, yanzu bai wuce a ƙirga da yatsu ba, ɓarayi sun kore sauran. Kunya ta hana ni faɗin abin da ya kawo ni, na kwana a bukkarsa da fura a ciki. Da safe ya kwanto karsana ya miƙo mini igiya.

"Ni ba ni komawa. Riƙo na ba ka. Ɗaure ta cikin gona, kullum ka matsa turke gaba. Ƙasa ba ta son gaggawa."

Komowa

A ƙafa na dawo, kuma nan ne tsoro ya kai tsoro. Baƙo da saniya ɗaya a dajin nan ɓarawo ne. 'Yan banga suka tare ni a shinge. Wani dattijo cikinsu ya duba tsagar kunnen karsanar ya ce, "Shaidar Jauro ce. Bai taɓa ba wanda bai yarda da shi ba. Wuce."

Rana ta uku na iso gida, na gode Allah, na gode wa Jauro. Na kafa turke inda ƙuduji ya fi yawa. Da gari ya waye na tarar da kashi guda, yana tururi. Innata ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "To, matsa turken."