Ranar da na ƙirga kujeru a Tarauni

Ina cikin watan gwaji a gidan rediyo aka tura ni Tarauni ɗauko rahoton taron direbobin a-daidaita-sahu. Editanmu, wani dattijo mai son ihu, ya riga ya faɗa min ƙarara: in rahoton ya shiga labaran yamma an ɗauke ni aiki, in bai shiga ba in koma gida. Ni kuwa wallahi ina son aikin nan kamar raina.

Ana tashi daga taro shugaban direbobin ya tare ni, yana share zufa da hularsa.

"Hajiya 'yar jarida, ki rubuta dubban mutane ne suka zo."

Na ce to. Sai dai ni 'yar malamin lissafi ce, a gidanmu ko ƙosai aka ce "da yawa" sai Baba ya tambaya nawa. Na bi layin kujerun roba na ƙirga, na ninka da yawan layuka, na ƙara da na tsaye a bakin rumfa, har mai sayar da rake na saka don kar a ce na yi rowa. Ina! Ko rabin dubu ba a kai ba.

Da na koma gidan rediyo na rubuta "ɗaruruwa", na naɗi rahoton da muryata a haka. Edita na gani ya ɗaga murya.

"Ke! Wa zai tsaya jin ɗaruruwa? Kowa dubbai yake cewa."

Na dake na ce:

"Ranka ya daɗe, kujerun na nan ba a kwashe ba. Mu je ka ƙirga."

Ya harare ni ta saman tabarau, ya fizge takardar, ya ce in ɓace masa da gani. Na fito ina zagin kaina a zuci. Wa ya aike ni? Kalma ɗaya tak, ga shi za ta ja min zaman gida.

Na tari a-daidaita zuwa Gyaɗi-Gyaɗi. Muna cikin cunkoso direban ya ƙara sautin rediyo, sai ga muryata a labaran yamma, tana faɗin ɗaruruwan direbobi sun hallara. Na toshe baki da mayafi don kar in yi guɗa a titi.

Direban ya buga sitiyari.

"Kai jama'a! Wace ce wannan mai rage mana yawa? Ai ina wurin!"

"Malam, ni ce."

Ya leƙo ni ta madubi, sai ya fashe da dariya.

"To Hajiya, tsakani da Allah, ni kaina kujera biyu na haɗa na miƙe ƙafa."

Na ce ya wuce da ni bakin mai tsire, yau akwai walima a gidanmu.