Agogo Biyu daga Kasuwar Shinkafi

Duk safiya bayan sallar asuba, idan na murɗa kan agogon hannuna na kara shi a kunne, ƙararsa takan mayar da ni shekarar da na ci jarrabawar shiga makarantar kwana. Mai karatu ya yi haƙuri da ni, maganar ta daɗe a cikina.

A shekarar nan kaka ta yi kyau a ƙauyenmu na ƙasar Zurmi, ƙamshin ɗanyar gyaɗa ya cika gida. Mahaifina, wanda bai taɓa ɗaura agogo ba, ya sayar da maraƙinsa, ya damƙa kuɗin ga kawuna, ƙanin mahaifiyata, domin shi ne ya san birni. Ya ce a saya mini na ƙwarai.

Ranar Alhamis kawu ya kai ni kasuwar Shinkafi. Mai agogo ya jera mana guda uku a kan ƙyalle: na arha mai dutse ɗaya a cikinsa, matsakaici, sai mai tsada mai duwatsu goma sha bakwai. Ya ce yawan ƙananan duwatsun da ke cikin injin agogo shi ke nuna ingancinsa. Kawu ya koya mini zaɓe da kunne, ya ce na kirki ba ya gaggawa, ba ya tsallake. Na zaɓi mai tsadar. Shi kuma ya ɗauki na arhar don kansa, har na ji tausayinsa. Sannan ya ce a bar su mako guda a rage maɗaurin nawa, tunda hannuna siriri ne.

A makaranta, saboda agogon aka ba ni kaɗa ƙararrawa. Amma kullum sai ya tsaya baya. Sau uku na makarar da makaranta ɗungum. A na ukun hedimasta ya yi mini bulala a gaban taro, ya karɓe ƙararrawar. Da na kai wa kawu kuka lokacin hutu, sai ya dafa kaina ya ce, “Agogon kirki ba ya ƙarya, ɗana. Hannunka ne bai iya shi ba.”

Na yarda da shi. Duk tsawon aikina na gwamnati, da rediyo nake saita agogon nan kowace safiya, ina ganin laifin kaina. Na kawu kuwa, har ladan yakan aiko a tambaye shi lokaci.

Bayan rasuwarsa 'ya'yansa suka ba ni agogonsa. Da na yi ritaya, na kai su duka biyun wurin wani tsohon mai gyara a Ƙauran Namoda. Ya buɗe bayansu, ya sa gilashi a ido, ya leƙa cikin kowanne, sannan ya ɗago ya ce:

“Alhaji, wa ya yi maka wannan aiki? Cikin wannan ai na wancan ne. In mayar da kowa gidansa?”

Sai na tuna makon nan da kawu ya sa aka bar su wurin mai agogo. Na ce ya rufe su yadda ya same su.

Yau jikokina a waya suke duba lokaci, suna dariyar agogon arha na kawu da nake ɗaurawa. Ba su san maraƙin mahaifina ne ke bugawa a cikinsa ba. Ina sa kawu a addu'a, domin haƙƙin zumunci ne. Amma yafiyar bulalar nan, har yanzu bakina bai furta ba.