Littattafan da Aka Kai Buga Hatimi

Tana tsugune a gaban mai sayar da littattafai a bakin tashar Kawo, jaka a hammata, jan biro soke a gefen ɗankwali. Da gani malamar ƙaramar sakandare ce, don alli ya cinye mata bakin yatsu. Wani littafin kimiyya take ta juyawa, sabo fil.

Tana buɗe shafin farko ta yi cak. An rubuta da fensir: Aziza Sharhabil, aji biyu.

"Malam, a ina ka samo waɗannan?"

"Hajiya, ni dai sari nake yi. Katan-katan ake kawo min."

Aziza ɗalibarta ce. Ranar ma ba ta manta ba: yara suka share fili, suka sha rana suna waƙa, manyan baƙi suka raba littattafai, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar aka tattare su, wai za a kai ofis a buga hatimi. Ita da kanta ta bi layi tana karɓa.

Zango biyu ke nan Aziza tana tambayarta ko an gama buga hatimin.