Shafin Huhu

A asibitin da nake goge-goge, can wajen unguwar Hindawiyya a Makka, wata hajiya 'yar ƙasar Sin tana zaune a ƙofar ɗakin jinya da littafi a cinya. Za ta yi shekara sittin. Mayafinta ya yamutse, takalmin ƙafarta na maza ne, ya yi mata yawa. Ina jin na mijinta ne, wanda aka kawo daga Harami yana numfashi da ƙyar.

Littafin na koyon Turanci ne, irin na 'yan makaranta: hoto a sama, rubutunsu a gefe, Turanci a ƙasa. Tana wuce shafin taurari da na ƙudan zuma, sai ta tsaya a hoton huhu. Ta ɗora yatsa, tana maimaita kalmar kamar mai tasbihi. Wataƙila jikarta ce ta cusa mata shi a jaka ranar tafiya.

Likita ya fito. Ta miƙe, ta nuna masa hoton, ta faɗi kalmarta tsaf. Ya yi mata dogon bayani da Turanci, sannan ya ce wa nas da Larabci, "Tawaffa. A nemo tafinta."

Na'ima, abokiyar aikina, ta raɗa mini, "Yaya, je ki gaya mata mana."

Da wane baki? Ni na ji, na san mutumin ya rasu. Ita kuwa ta koma ta zauna, tana buɗe shafi bayan shafi, tana neman abin da likita ya faɗa a tsakanin hotunan tsuntsaye.