Ngurun da ke Ƙarshen Layin Croydon

Ku da kuka san kakana Baba Reluwe, na san abin da ya fara faɗo muku a rai: koren hankicin nan. Kullum da hantsi yana tsaye a tashar tram, ƙaramin jirgin ƙasa na cikin gari, ta East Croydon a London, babbar riga a ciki, kwat ɗin sanyi a waje, agogon sarƙa a tafin hannu. Jirgi zai tsaya, mutane su shiga, ƙofa ta rufe, ya soma tafiyarsa. Sai a lokacin Alhaji zai ɗaga hankici ya kaɗa, ya juyo yana kallon jama'a kamar shi ya ba da izini. Na farko ba ya hawa, na sallama ne. Na biyu yake shiga.

Na taɓa ce masa, "Angona, ai ya riga ya tashi kafin ka ɗaga."

Ya ce, "Amarya, yaran ne ba su da tarbiyya. Amma a rubuce ni na sallame shi."

Shekara talatin ya yi yana aikin jirgin ƙasa, ya ƙare a shugaban tashar Nguru. Bayan rasuwar kakata Inna Falmata, Kawu Usman, wanda likita ne a nan, ya ɗauko shi a duba masa zuciya. Wata uku aka ce, ya zama shekara tara. Da farko ba abin da ya burge shi a London. Aka kai shi tube, ya leƙa matakala ya ja da baya, ya ce, "Jirgi a cikin rami? Ni gafiya ne?" Bas kuwa ya ce mota ce da aka ɗora wa ɗaki don rashin aikin yi. Ran da ya ga layin dogo shimfiɗe a tsakiyar titin Croydon, ina tare da shi. Wallahi durƙusawa ya yi ya shafa ƙarfen, mutane na ratse mu, ni ina ta "sorry, sorry". Ya tashi idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ashe garin nan da mutane."

Bai taɓa kiransa tram ba. Jirgi ne, shi ke nan. Kuma ya ɗora kansa a kan aikin duba lokacinsa, ba wanda ya ɗauke shi. In allo ya ce minti biyu, jirgi ya zo a minti huɗu, sai ka ji tsaki.

"Minti biyu cur! A zamanina da direban nan ya sha query."

"Haba Alhaji! Jirginku na Nguru fa Inna ta ce kwana biyu yake yi bai zo ba."

"Wannan da dalili. Shanu ne."

"Kwana biyu shanu na tsallaka layi?"

"Ke kin san yawan shanun Nguru?"

Da hukumar gari ta ba shi katin tsofaffi, na hawa kyauta, sai abin ya zama ibada. Ya ce tunda an ba shi, barinsa a aljihu almubazzaranci ne. Zai taɓa katin a jikin na'urar tasha, ta yi ƙara, ya ce mata, "Madalla." Abu ɗaya ne ya dame shi, wai tashoshin ba su da rai. "Ba mai rake, ba mai dafaffen ƙwai, ba mai bandar kifi. Wannan tasha ce ko ɗakin jiran asibiti?" Don haka ya riƙa cika aljihu da dabino yana bin kujeru. Turawa tun suna noƙewa har suka saba. Wata tsohuwa mai ɗan kare har takan miƙo hannu tun kafin ya zauna. Wata rana masu duba tikiti suka shigo, ɗaya ya nemi katinsa. Alhaji ya ce shi ma ya nuna nasa tukuna. Bawan Allah ya nuna. Alhaji ya duba hoto, ya duba fuska, ya gyara masa wuyan riga, ya ce, "Carry on."

A ƙarshen layi, a New Addington, direba kan fito ya zagaya zuwa ɗaya kan jirgin don komawa. A nan ya haɗu da Fuseina, 'yar zangon Kumasi, ita ma direba. Ta ji yana mita da Hausa, ta tsaya.

"Baba, sannu. Wannan yarinyanka ne? Ya yi kyau."

"Jikata ce, kuma TA yi kyau. Ke, jirgi kin iya, Hausa ce ta gagare ki."

"To Baba, ka koya mini Hausa, ni in koya maka lokaci."

Tun daga ranar ta zama 'yarsa. Ita kaɗai ce in ta makara yake cewa ƙila shanu ne.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ya sake wa tashoshin suna. Ni na sani don nakan raka shi ranar da ba ni da aiki. East Croydon ita ce Kano. Lloyd Park, inda gidaje ke janyewa fili ya buɗe, Ringim ce. Daga nan jirgi ya kutsa cikin itatuwa ya gangara Gravel Hill, wato Gagarawa. Addington Village, Malam Madori. New Addington kuwa, ƙarshen layi, ita ce Nguru. In an bar gari yakan jingina goshi da gilashi, inuwar ganye na wucewa a fuskarsa. Can sai ya ce a hankali, "Bana gero ya yi kyau." Ni ciyawa nake gani da masu yawo da karnuka. Ban taɓa musa masa ba.

Sunayen nan ne suka jawo rigima. Ran nan Kawu ya kira ni ina wurin aiki a Lewisham.

"Hadiza, Alhaji ya ruɗe. Ya bugo ya ce ƙafarsa ta riƙe, yana zaune a Gagarawa. Gagarawa fa! I'm calling the police."

Na ce, "Kawu, ajiye wayar. Ka tafi Gravel Hill."

Can ya same shi a kan benci, yana cin dabino, yana jin haushin an daɗe. Muka yi ta dariya, amma Kawu bai yi ba. Ya ga yadda numfashin ke fita. Ya karɓe katin ya kulle a durowa, ya ce ba sauran fita. Na ji haushin Kawu ƙwarai a lokacin, ko da yake na san tsoro ne ya sa shi.

Daga nan Alhaji ya soma zubewa. Kullum maganarsa ɗaya: a kai shi Nguru, ya tsaya a kan kabarin Falmata ko sau ɗaya. Likitocin zuciya kuwa sun ce ba zai iya hawa jirgin sama ba. Wata Asabar ya riƙe hannuna ya ce, "Amarya, ke ce mai jin magana. Kai ni Nguru." Na fito na tarar da Kawu a kicin yana share ido, yana cewa, "Ta ina zan kai shi?" Na ce, "Ba ni makullin durowa."

Muka tura shi a keken marasa lafiya, ni da Kawu. Da kansa ya taɓa katin, ya ce, "Madalla." Rana ce mai laushi, irin wadda ba ta ƙona kowa. Yana kiran tashoshi ɗaya bayan ɗaya, muryar ba ta fi raɗa ba. A Ringim ya nuna mana buhunan gyaɗa jere a bakin layi. Bayan Gagarawa ya ce mu dubi raƙuma. Kawu, likita guda, ya sunkuya ya leƙa taga ya ce, "Na gansu, Alhaji." A Malam Madori ya ce ƙamshin kifi ya fara zuwa, Falmata tana can ta ɗora tukunya, in jirgi ya yi kuka takan fito ƙofar gida da mayafinta a hannu.

Muka sauka a ƙarshen layi. Ya daɗe yana kallon inda ƙarfen ya ƙare. Ya ɗaga hannu ya yi wa Inna addu'a, muka shafa. Sannan ya harare ni.

"Kin ɗauka na ruɗe ko? Na san London ce. Nguru ba ta da wannan sanyin banzan. Amma na iso."

Ashe Fuseina ce ta kawo mu. Ta zagayo, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kalli fuskarsa, ta shige gaban jirgi. Mutane suka shiga, ƙofa ta rufe. Jirgi bai motsa ba. Muna ganinta ta gilashi, ta zuba masa ido. Alhaji ya laluba aljihu da ƙyar, ya duba agogo, ya ɗaga koren hankicin. Sai ta buga ƙararrawa, jirgi ya tashi.

Ya ce, "Kun gani? Yarinyar ta koyi aiki."

Kwana tara bayan nan ya rasu. Hankicin yana jakata, ban wanke shi ba, har yanzu ƙamshin dabino yake yi.

Allah ya jiƙan Baba Reluwe, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Allah ya sa ya sauka lafiya, ya tarar da Inna Falmata a ƙofa tana jiransa. Amin.