Tarin Kwamfutar Kawu Mamuda

Har yau ban manta da safiyar da na fara zuwa aiki shagon Kawu Mamuda ba. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne wasu zobban ƙarfe da ke kafe a bango, daidai tsayin gwiwata. A jikinsu ake ɗaure raguna a da, domin Kawu ya yi shekaru yana sayar da dabbobi a Zongo, unguwarmu a Kwatano, kafin ya canza sana'a. An yi wa ɗakin sabon fenti, amma warin tumaki bai gama fita ba. A gefe guda ga tebur, a kansa ga kwamfuta an lulluɓe ta da tsohon zanen atamfa saboda ƙura.

Ina kolej a lokacin, an ba mu hutun ƙarshen shekara. Innata, wadda ƙanwar Kawu ce, ta ce in je in riƙa taya su, ko Allah zai sa bakina ya buɗe, don ni yarinya ce da ko gaisuwa sai an matso kusa ake jin muryata. Ku da kuka fara aiki kuka tarar da kwamfuta a kan kowane tebur, da wuya ku gane darajar wannan guda ɗaya. Farkon shekarun dubu biyu ne. Tun da siyasa ta buɗe a ƙasar, kowa a Kwatano yana da abin da yake so a buga masa. 'Yan zemijan, wato masu haya da babur, na son dokokin ƙungiyarsu, masu sayar da albasa na son takardar koke, matan unguwa na son katin taro. Yaya Bashir, babban ɗan Kawu, shi ke bugawa, don ya yi 'yan watanni yana koyon aikin. Ni kuwa shara ce tawa, da goge ƙura, da jera takardu.

A wajen Baba Idi aka sayi kwamfutar. Shi dillalin kayan da ake saukewa a tashar jirgin ruwa ne, tsofaffin firji da talabijin da injinan ofis daga Turai. Abokin Kawu ne tun suna samari. Kullum bayan la'asar sai ya zo su zauna a bencin ƙofar shago su sha shayi. Kakannin Kawu daga Gobir suka zo, shi kuma Baba Idi Bazabarme ne, don haka ba sa gaisawa sai da tsokana.

"Bawana, tashi ka ba ubangidanka wuri," in ji Baba Idi.

"Wane ubangida? Wanda ya zo shan shayin sadaka?"

"Ina lafiyar injina? Na ji tausayinta, daga ofishin Turawa ta faɗo hannun Bagobiri mai raguna."

Ranar cinikin ba a rubuta komai ba. Baba Idi ya ɗora hannu a kanta ya ce, "Lafiyarta ƙalau." A Zongo wannan ya isa.

Wata rana babu masu aiki, Yaya Bashir yana ta leƙe-leƙe a cikin kwamfutar, sai ya buɗe wurin da muke kira jurnal. Ga wanda bai sani ba, kwamfuta tana rubuta wa kanta labarin abin da ke faruwa da ita, layi bayan layi. Kowane layi yana da rana da lokaci, da sunan sashen da ya yi maganar, da lamba. A gabansa kuma akwai alama. Shuɗiya labari ce kawai, ja na nufin wani abu ya gaza, mai ruwan ɗorawa kuma gargaɗi ce. Allon ya cika da masu ruwan ɗorawa tun daga sama har ƙasa.

Ya buɗe ɗaya. Da Faransanci aka rubuta cewa an kasa samun wani abu, sai wani dogon suna mai haruffa da ɗige-ɗige. Ya buɗe na biyu da na uku, duk magana ɗaya. Ya kira Kawu.

"Baba, akwai abin da aka cire a cikin injin nan. Kullum tana nemansa ba ta samu."

Ba wauta ya yi ba. Kowa ya san kayan tasha. Sau da yawa kafin inji ya iso hannun mai saye, wani ya riga ya buɗe shi ya zare abu mai kyau ya mayar da murfi.

"Tana aiki ko ba ta yi?" in ji Kawu.

"Tana yi. Amma duk safiya sai ta faɗa, kuma ta riƙa maimaitawa har yamma."

Kawu ya daɗe yana kallon allon da bai iya karantawa ba. Sannan ya ce shi dai a sana'arsa, dabbar da ke tari kowace safiya, ko da tana cin abinci, ba a kiranta lafiyayya.

Da ya tsaya nan da sauƙi. Amma da la'asar, ga mai wanki da tela da wasu mutum biyu a zaune, Baba Idi ya yi tambayarsa ta kullum game da lafiyar injinsa. Kawu ya ce, "Injinka mai tari? Ka tambayi yaranka na tasha abin da suka zare a cikinta."

Ina tsaye da tire a hannu. Na ga Baba Idi ya ajiye kofinsa a hankali, bai ƙarasa shanyewa ba.

"Mamuda," ya ce. Ban taɓa jin ya kira shi da sunansa tsura ba. "Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka kawo ta ƙofar gidana gaban mutane in karɓi kayana."

Ya saka takalmansa ya tafi. Ko ni yarinya na san ma'anar wannan. Idan aka mayar wa dillali kaya gaban shaidu, an ce maganarsa ba abin riƙewa ba ce. Kuma da wanda ya mayar da kayan da wanda aka mayar wa, ba sa sake zama a benci ɗaya.

Kwanakin da suka biyo baya Baba Idi bai zo ba. Kawu yana zama shi kaɗai, ya matsa can ƙarshen bencin kamar yadda ya saba, rabin wurin babu kowa. Idan tela ya zo zai zauna a wurin, sai Kawu ya tura masa kujera.

Innata ce ta kawo shawarar a kira Tanti Odil, wata mata daga unguwar Agla da ke sayen atamfa a wajenta. Aikinta kula da kwamfutocin wani ofis a unguwar Kajehun. Ta iso ranar Alhamis da hantsi a kan babur ɗinta, da Hausarta ta kasuwa mai gauraye da Faransanci. Yaya Bashir ya riga ya tanadi sukundireba don a buɗe injin.

"Ajiye wannan, ɗan'uwa," ta ce. "Likita ba ya fara yanka. Papa Alaji, ina wurin da ke mata ciwo? Tana tsayawa? Tana ɓatar da aiki?"

"Ba ta yi," in ji Kawu. "Ƙorafi take yi."

"To mu ji ƙorafin."

Ta jawo kujera, ta ce in matso in riƙe mata jakarta. Ba ta ƙirga alamun ba. Ta jera layukan bisa sunan sashen da ya yi magana, sai ga shi kusan dukkan masu ruwan ɗorawan daga wuri ɗaya suke, da lamba iri ɗaya. Ta ce wannan ba matsaloli masu yawa ba ne, magana ɗaya ce ake ta nanatawa. A tsakaninsu ta tsinto wasu jajaye ƙalilan da babu wanda ya kula da su. Ta ce waɗannan ranakun da aka ɗauke wuta ne injin ya mutu ba shiri, kuma su ne abin tsoro, a sayi batirin da ke riƙe wuta tun kafin a yi asara.

Daga nan ta ce, "Yanzu mu ga ranar da ta fara."

Ta yi ta gangarawa ƙasa, ranaku suna komawa baya. Muka wuce ranar da na fara aiki, muka wuce ranar da aka kawo ta shago. Sai gargaɗin ya ƙare. A ƙarƙashinsa akwai tsalle na watanni, babu layi ko ɗaya. A ƙarƙashin wannan kuma sai shuɗɗan alamu a jere, tsaf da su.

Ina bin ranakun da ido, ashe leɓuna suna motsi.

"Ke, 'yar shiru, me kika gani?"

Na ji kamar in nutse. Na ce, "Babu Asabar da Lahadi."

"Ɗaga murya, Papa bai ji ba."

"A can ƙasa, ba a kunna ta Asabar da Lahadi. Kuma kullum da safe lokaci ɗaya ake kunna ta, a kashe da yamma."

Tanti Odil ta yi dariya ta dafa kafaɗata. Ta ce rayuwarta ta da ce muke kallo, lokacin tana wani ofis a Turai. Wani ma'aikaci da ba za mu taɓa sani ba yana zuwa da safe ya kunna ta, ya tashi da yamma. Watannin da babu komai kuwa, tana ajiye ne a sito da cikin jirgin ruwa. Na tsaya ina kallon layukan nan, ina tunanin ko mace ce, ko ta san inda injinta ya ƙare.

Sannan ta juya ga Kawu ta yi masa bayani. A manyan ofisoshi, kwamfutoci ba sa zama su kaɗai. Akwai wata babba da ta san su duka, ita ke gaya musu lokaci, ita ke ba su izinin shiga. Dogon sunan nan da Yaya Bashir ya gani sunan babbar ne. Duk sanda aka kunna tamu sai ta kira ta. A can ana amsa mata, shi ya sa babu gargaɗi. A nan babu mai amsawa, sai ta rubuta, ta jira, ta sake kira.

"Babu abin da aka zare, Papa. Ko ƙusa ɗaya."

Kawu ya cire hularsa ya riƙe a hannu.

"Wato ba tari ba ne," ya ce. "Kuka ne. Garkensu take nema." Ya shafa kansa. "Ragon da ka raba da 'yan'uwansa haka yake yi da asuba. Yaron da ke share turke ma ya san bambancin."

Yaya Bashir ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ni ne na ce an cire."

"Kai abin da ka gani ka faɗa mini a cikin ɗaki. Ni na fitar da shi benci."

A kan wannan aikin na kula da kwamfuta na ƙare, kuma ku da kuke koyo a wajena kun sha ji ina hana ku abu biyu. Kada ku tsorata da yawan gargaɗi, kada kuma ku share shi don allo ya yi kyau. Ku tambayi wa ke magana, tun yaushe, da abin da ya canza a ranar da ya fara. Wani gargaɗin zai maimaita kansa shekara guda ba ya cutar da komai, wani kuwa sau ɗaya zai zo ya tafi da aikin wata. Kuma ku kula da yadda kuke fassara wa mai kaya. Mutum ba ya jin lamba, yana jin an cuce shi ko ba a cuce shi ba, kuma a bayan kowane inji akwai wanda ya sayar, da wanda ya ba da shawara, da wanda ya taɓa shi jiya.

Kawu da Baba Idi sun koma bencinsu, sun ci gaba da zagin kakannin juna har tsufa ya hana Baba Idi fitowa. Dukansu sun rasu, Allah ya jiƙansu. Shagon ma yanzu wayoyi ake sayarwa a ciki. Amma a ranar nan ta Alhamis babu wanda ya san haka za ta ƙare. Na san Kawu. Mutum ne da zai iya ɗaukar rago a kafaɗa daga nan har kan iyakar Seme, amma ba zai iya ɗaukar kalmar haƙuri zuwa layi na biyu ba. Yana tsaye a bakin ƙofa da hula a hannu, ya kalli hanyar gidan Baba Idi, ya dawo ya zauna.

Tanti Odil ta ce gyaran ba wuya. Za ta raba injin da tsohon ofishinsa, ta share jurnal ɗin, gobe a tashi da allo fari. Ta kai hannu za ta fara.

Ban san inda na samo muryar ba. Sunan mahaifiyar Kawu aka sa mini, shi ya sa yake kirana Uwata, kuma ban taɓa amfani da wannan gatan ba sai ranar.

"Tanti, don Allah dakata."

Duka suka juyo suna kallona. Kawu ya ce, "Uwata, lafiya?"

Na kalli ƙasa na ce, "Kawu, idan aka share, Baba Idi ba zai ga ofishin Turawan ba. Shi ya kawo ta, amma bai taɓa ganin inda ta fito da idonsa ba. Ni ba zan iya shiga zaurensa ni kaɗai ba, mutane sun yi yawa. Don Allah ka saka hularka ka raka ni mu kirawo shi."